Daga Turfloop Zuwa Soweto: Tarihin Boren Ɗalibai Baƙar Fata a Jami'o'in Afirka ta Kudu

A shekarar 1959 majalisar dokokin Afirka ta Kudu, wadda babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta, ta zartar da abin da ta kira Dokar Faɗaɗa Ilimin Jami'a. Sunan ne kawai mai daɗin ji. Abin da dokar ta ƙunsa shi ne, daga lokacin babu baƙar fatar da zai shiga jami'ar Turawa, irin su Wits ta Johannesburg ko ta Cape Town, sai da rubutaccen izinin minista. A madadin haka gwamnati za ta gina wa kowane jinsi tasa kwalejin, a can inda ta ga dama. Aka kafa ɗaya a Turfloop, arewacin ƙasar, domin 'yan ƙabilun Sotho da Tswana da Venda da Tsonga. Aka kafa wata a Ngoye domin Zulu, wata a Bellville domin 'yan ruwa biyu, wata kuma a Durban domin Indiyawa. Fort Hare kuwa, tsohuwar makarantar da aka buɗe tun 1916, wadda Nelson Mandela da Oliver Tambo da Robert Sobukwe da Robert Mugabe da Seretse Khama duk suka zauna a azuzuwanta, gwamnati ta ƙwace ta ta ce daga yanzu ta 'yan Xhosa ce kaɗai. Farfesa Z.K. Matthews, babban malamin da makarantar ke tinƙaho da shi, ya ajiye aiki saura ƙiris ya yi ritaya, ya haƙura da fanshonsa, don kada ya yi wa sabon tsarin hidima.

Lissafin gwamnati a fili yake. Tana buƙatar malaman makaranta da akawuna da ƙananan jami'ai da za su tafiyar mata da yankunan ƙabilun da take shirin yankawa, don haka dole ta ilimantar da wasu 'yan kaɗan. To amma sai a ilimantar da su nesa da birni, kowa cikin ƙabilarsa, ƙarƙashin shugabanni da malamai waɗanda galibinsu Turawa ne masu magana da harshen Afrikaans, amintattun jam'iyya mai mulki. Hendrik Verwoerd, wanda ya tsara ilimin baƙar fata a 1953 kafin ya zama firayim minista, bai ɓoye ra'ayinsa ba: a wurinsa baƙar fata ba shi da gurbi cikin al'ummar Turawa da ya wuce na ƙwadago. Ɗalibai da kansu suka laƙaba wa makarantun suna kwalejojin daji.

Shekarun farko lissafin ya yi kamar zai fita daidai. A watan Maris na 1960 'yan sanda suka bindige mutum 69 a Sharpeville, aka haramta jam'iyyun ANC da PAC, a 1964 kuma aka yanke wa Mandela da abokansa ɗaurin rai da rai. Wanda bai shiga kurkuku ba ya tsere ƙasar waje, wanda ya rage ya kama bakinsa. Ɗalibin da yake son ya yi magana a kan halin da ƙasa ke ciki, ƙofa ɗaya ta rage masa, ita ce NUSAS, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa da Turawa masu magana da Ingilishi ke jagoranta. Waɗannan Turawa suna adawa da mulkin wariya, wasunsu ma sun sha wuya a kai, kuma bai kamata a tauye musu wannan ba. Sai dai su ne masu kuɗin, su ne masu rinjaye, su ke tsara abin da za a tattauna, da yamma kuma kowa ya koma unguwar da doka ta ba shi.

A 1967 NUSAS ta yi babban taronta a Jami'ar Rhodes da ke Grahamstown. Da wakilai suka iso sai aka sanar da su cewa ba a yarda baƙaƙe su kwana a ɗakunan jami'a ba. Turawa suka sauka a ɗakunan kwanan ɗalibai, 'yan Afirka kuwa aka kai su wani coci a unguwar baƙaƙe. Cikin wakilan akwai wani ɗalibin likitanci daga Durban, ɗan shekara ashirin, sunansa Steve Biko. Ya tashi ya nemi a dakatar da taron har sai an sami wurin da kowa zai kwana tare. Shugabannin suka ga abin ya yi tsauri. Suka gwammace a zartar da ƙudurin Allah wadai da hukumar jami'a, a ci gaba da taro. An yi Allah wadai ɗin, kowa kuma ya kwana inda aka ajiye shi. Biko ya koma Durban da tambaya a ransa: ashe abokin da zai yi maka kuka amma ba zai bar katifarsa dominka ba, har ina za ku je tare?

Inda yake karatu ma ya taimaka. Makarantar likitanci ta Jami'ar Natal ita ce kusan wuri ɗaya tilo da 'yan Afirka da Indiyawa da 'yan ruwa biyu ke karatu tare, kuma an tara su a wani tsohon barikin soja a Wentworth, maƙwabcin matatar mai, da hayaƙi da wari. A ɗakin Biko na wannan bariki ake kwana ana muhawara. Shekara ta zagayo, a 1968, wata ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta kira taro a garin Stutterheim, nan kuma wata dokar ta sake tsaya musu a wuya: baƙar fata ba zai wuce awa 72 a yankin Turawa ba tare da takarda ba. Dabarar da aka saba ita ce, idan wa'adin ya kusa cika, sai baƙaƙen su taka zuwa bayan iyakar gari su juyo, lissafi ya koma sabo. Baƙaƙen wakilai suka keɓe su kaɗai don su tattauna wannan wulaƙanci, kuma a wannan keɓewar ce suka ga cewa magana tana fita daban idan babu Bature a ɗakin. A watan Disamba suka haɗu a Mariannhill suka tsara ƙungiyarsu, a watan Yuli na 1969 kuma aka ƙaddamar da ita a Turfloop da sunan SASO, Biko ne shugaban farko. Barney Pityana, wanda aka kora daga Fort Hare saboda zanga-zanga, shi ya gaje shi.

Abin dariya shi ne yadda gwamnati ta karɓi labarin. Ta ɗauka riba ta ci. Ga baƙaƙe sun fice daga ƙungiyar Turawa da kansu, ai wannan shi ne rabuwar da ake ta wa'azi. Shi ya sa hukumomin kwalejojin suka ƙyale SASO ta yi taro da rajistar mambobi a lokacin da suke korar NUSAS. Masu sassaucin ra'ayi cikin Turawa kuwa suka ji ciwo, suka ce wannan wariya ce aka juya ta baibai, har wasu ɗalibai baƙaƙe ma sun yi ɗari-ɗari da farko. Duk ɓangarorin biyu sun karanta abin a karkace. SASO ta ce baƙar fata a wurinta shi ne duk wanda doka ta ware ta danne, ɗan Afirka ne ko Ba'indiye ko ɗan ruwa biyu, muddin ya yarda ya tsaya tare da 'yan uwansa. Da wannan magana guda ta rushe ginshiƙin dokar 1959, domin dokar ta dogara ne a kan cewa ɗan Zulu da ɗan Sotho da Ba'indiye ba za su taɓa ganin kansu abu ɗaya ba.

Koyarwar tasu, wadda aka fi sani da farkawar baƙar fata, ba ta fara da bindiga ko zaɓe ba. Ta fara ne da zuciya. Biko, a rubuce-rubucen da yake fitarwa a mujallar ƙungiyar da sunan aro Frank Talk, ya nace a kan cewa an daɗe ana gaya wa baƙar fata shi ba kome ba ne har ya yarda, kuma mutumin da ya raina kansa ba ya iya ƙwatar kome. Mai karatu zai iya cewa wannan ai zancen ɗakin karatu ne. Amma a ƙasar da dattijo ke cire hula yana kiran yaron Bature ubangida, koya wa matashi ya ɗaga kai ya dubi ɗan sanda ido cikin ido aiki ne na siyasa tsantsa. A lokacin hutu kuma ɗaliban suna fita ƙauyuka da unguwannin talakawa, irin su Winterveld kusa da Pritoriya, suna koyar da yaƙi da jahilci suna taimakawa a ɗakunan shan magani. Daga wannan aiki ne daga baya aka sami asibitin Zanempilo, wanda Dokta Mamphela Ramphele ta riƙe. Ita da wasu mata irin su Deborah Matshoba sun yi aiki tuƙuru, ko da yake gaskiya ƙungiyar ta maza ce a tsarinta da harshenta, matan kuma sai da suka yi ta kokawa kafin a saurare su.

Ranar da gwamnati ta gane kuskurenta ita ce 29 ga Afrilu, 1972, ranar bikin yaye ɗalibai a Turfloop. Al'ada ce a ba wani cikin masu kammalawa dama ya yi jawabi a madadin 'yan uwansa, ya gode wa iyaye da malamai, a tafa, a watse. Ɗalibai suka zaɓi Onkgopotse Abram Tiro, ɗan ƙauyen Dinokana kusa da Zeerust, tsohon shugaban majalisar ɗalibai, wanda tun yana yaro ya taɓa barin makaranta ya yi aiki a mahaƙar ma'adinai don neman kuɗin karatu. Tiro ya hau mumbari, ga shugaban jami'a Farfesa Boshoff da manyan baƙi Turawa a jere a kujerun gaba. Ya buɗe da tuna wa jama'a wata magana ta Firayim Minista Vorster, cewa babu baƙar fatar da ya taɓa shiga matsala don ya nemi haƙƙinsa na halal. Ya ce bai san iyakar gaskiyar zancen ba, amma a kansa zai ɗora jawabinsa.

Daga nan ya shiga lissafi, kuma ƙarfin jawabin yana cikin ƙanƙantar abubuwan da ya lissafa. Bai tsaya kan manyan kalmomi ba. Ya tambaya don me jami'ar da aka ce ta baƙaƙe ce Turawa ke mulkinta, baƙaƙe kuwa an ba su majalisar ba da shawara wadda ba su ne suka zaɓe ta ba. Ya kawo maganar kwangilar naman da ake ciyar da ɗalibai, wadda aka ba wani Bature. Ya kawo maganar aikin hutu da ake ba 'ya'yan Turawa a harabar, alhali ga ɗaliban da aka riƙe sakamakonsu saboda bashin kuɗin makaranta. Sannan ya juya ga zauren da suke ciki. Iyaye sun taso daga garuruwa masu nisa don su ga ranar 'ya'yansu, an bar su a waje an ce wuri ya cika, kujerun gaba kuwa an ba mutanen da ko tafi ba za su yi wa ɗaliban ba. Ya ce mahaifinsa ma ga shi can a baya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Duk wanda ke zauren yana iya waiwayawa ya ga abin da ake faɗa da idonsa.

Cikin 'yan kwanaki aka kori Tiro. Ɗalibai suka yi zaman dirshan a babban zaure suka ce sai an mayar da shi. Hukumar jami'a ta kira 'yan sanda, ta kori ɗaliban gaba ɗaya, sama da dubu, ta ce mai son dawowa ya sake neman gurbi. A tsakiyar watan Mayu wakilan SASO suka haɗu a garin Alice suka yi kira ga dukkan ɗalibai baƙaƙe su ƙaurace wa azuzuwa. Fort Hare ta amsa, Ngoye ta amsa, Bellville ta 'yan ruwa biyu ta amsa, ta Indiyawa a Durban ta amsa. Makarantun da aka gina don kada su san juna sun tashi a kan korar ɗan Tswana guda ɗaya. Kaikayi ya koma kan masheƙiya. A watan Yuli, a taronta na Hammanskraal, SASO ta tsige shugabanta na lokacin, Temba Sono, saboda ya ba da shawarar a yi aiki da shugabannin yankunan ƙabilu da gwamnati ta naɗa. Hukuncin ya yi zafi, kuma ya nuna ƙungiyar ba ta da haƙuri da saɓanin ra'ayi a cikin gida, amma ya rufe duk wata ƙofa da gwamnati ke fatan shiga ta cikinta.

A nan ne, a ganina, masu ba da tarihin Afirka ta Kudu suke yawan yin tsalle. Sukan tashi daga ɗaurin Mandela su dira a Soweto, kamar yaran 1976 daga sama suka faɗo. Alhali ɗaliban da aka kora a 1972, da waɗanda suka ƙi komawa, dole su nemi abin yi, kuma aikin da ke hannu shi ne koyarwa, domin makarantun sakandare na baƙaƙe suna fama da ƙarancin malamai. Haka suka bazu cikin azuzuwan Soweto da sauran unguwanni. Tiro da kansa ya sami aikin koyar da tarihi a sakandaren Morris Isaacson, inda shugaban makarantar, Lekgau Mathabathe, ya ɗauke shi duk da ya san abin da zai biyo baya. Watanni kaɗan ya yi hukuma ta matsa aka sallame shi. Amma cikin yaran da suka zauna a gabansa akwai wani mai suna Tsietsi Mashinini.

A farkon 1973 gwamnati ta yi wa shugabanni takwas na wannan tafiya ɗaurin talala, har da Biko da Pityana. Aka mayar da Biko garinsu King William's Town, aka hana shi fita daga gundumar, aka hana shi zama da mutum fiye da ɗaya a lokaci guda, aka hana jaridu ɗauko maganarsa. Tiro ya karɓi aikin shirya ƙungiya, da ya ga ana shirin kama shi sai ya ƙetara Botsuwana. Ranar 1 ga Fabrairu, 1974, a wata mishan ta Katolika da ke Khale kusa da Gaborone, aka miƙa masa wani ƙunshin saƙo mai alamar wata ƙungiyar tallafa wa ɗalibai ta Turai. Yana buɗewa bom ya tashi da shi. Bai cika shekara talatin ba.

Kusan wata uku bayan haka sojoji suka kifar da gwamnati a Fotugal, 'yancin Mozambik ya matso kusa. SASO ta shirya gangamin taya ƙungiyar Frelimo ta Mozambik murna ranar 25 ga Satumba. Ministan shari'a Jimmy Kruger ya haramta taron, jama'a suka fito duk da haka, a filin Curries Fountain na Durban da kuma harabar Turfloop, 'yan sanda suka sakar musu karnuka da kulake. Cikin waɗanda aka tsare daga Turfloop akwai wani ɗalibin lauya, Cyril Ramaphosa, wanda ya yi wata goma sha ɗaya a ɗaki shi kaɗai. Mutum tara aka gurfanar a Pritoriya ƙarƙashin dokar ta'addanci, cikinsu har da Saths Cooper da Strini Moodley da Mosiuoa Lekota. Ba a kama su da makami ba. Hujjojin gwamnati jawabai ne da takardu da wasannin kwaikwayo. Wannan ya sa shari'ar ta koma muhawara a kan ra'ayi, kuma lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka kira Biko a matsayin shaida. A watan Mayu na 1976 mutumin da aka hana jaridu ɗauko maganarsa ya yi kwanaki a akwatin shaida yana bayyana aƙidarsa dalla-dalla, jaridu kuma suka buga, tunda abin da aka faɗa a kotu ne. A ƙarshen shekarar aka yanke wa taran ɗaurin shekara biyar zuwa shida a tsibirin Robben.

Kafin a kai ga hukuncin, Soweto ta riga ta kama da wuta. Ranar 16 ga Yuni 'yan makaranta suka fito don ƙin tilasta musu karatu da Afrikaans, Mashinini na Morris Isaacson yana cikin jagororinsu, 'yan sanda suka buɗe wuta. Bayan kwana biyu ɗaliban Ngoye suka ƙona ginin mulki da ɗakin karatun jami'arsu, abin da har yau mutum zai yi ta juyayinsa, domin littattafan nasu ne. Kwamitin binciken da gwamnati da kanta ta kafa ya ƙirga mutum 575 da suka mutu a tarzomar da ta biyo baya, mutane da yawa kuma suna ganin adadin ya fi haka. Dubban matasa suka tsere daga ƙasar. Nan ne labarin ya iso gidanmu Nijeriya: a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikata suka bayar daga albashinsu, aka karɓi matasan Afirka ta Kudu a makarantun Nijeriya, Mashinini da kansa ya zauna a ƙasar na wani lokaci, a watan Agusta na 1977 kuma Legas ta karɓi baƙuncin taron duniya na yaƙi da mulkin wariya.

A cikin wannan watan na Agusta, ranar 18, aka kama Biko a shingen 'yan sanda kusa da Grahamstown. Aka yi masa duka a Port Elizabeth har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, aka jefa shi tsirara a bayan mota aka yi tafiyar sama da kilomita 1,000 da shi zuwa Pritoriya. Ya rasu ranar 12 ga Satumba yana da shekara 30. Kruger ya gaya wa taron jam'iyyarsa cewa mutuwar ba ta dame shi ba. Ranar 19 ga Oktoba aka haramta SASO tare da sauran ƙungiyoyin tafiyar da jaridar The World. A watan Nuwamba kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sanya wa ƙasar takunkumin sayen makamai na dole.

Shekara takwas kacal SASO ta yi a duniya. A harabar jami'a abin da ta samu bai taka kara ya karya ba: Bellville ta sami shugaba ɗan ruwa biyu, Richard van der Ross, a 1975, Turfloop ta sami baƙar fata na farko, William Kgware, a 1977, iko kuwa ya ci gaba da zama a hannun gwamnati. Mafi yawan matasan da ta horar ma ANC ce ta gaje su, wasu a sansanonin ƙasar waje, wasu a Robben, inda suka fara da yi wa tsofaffin fursunoni kallon masu sanyi kafin irin su Lekota su sauya sheƙa. Amma ita ce ta karya shirun da ya biyo bayan Sharpeville, a lokacin da manyan jam'iyyu ba su da murya a cikin ƙasar. Da ɗaliban Cape Town suka tashi a watan Maris na 2015 suka ce sai an cire gunkin Cecil Rhodes, aka kuma cire shi ranar 9 ga Afrilu, da kuma boren kuɗin makaranta da ya taso daga Wits a watan Oktoba har Shugaba Zuma ya soke ƙarin kuɗin shekara mai zuwa, rubutun Biko suka koma suna karantawa, ƙorafinsu kuma bai yi nisa da na Tiro ba: wa ke koyarwa, me ake koyarwa, wa aka bari a waje saboda bashi.

A 1998 aka tono gawar Tiro daga Botsuwana aka sake binne ta a Dinokana. Hukumar gaskiya da sasantawa ta ƙi yi wa 'yan sandan da suka nemi afuwa kan mutuwar Biko afuwa. Wanda ya aika wa Tiro da bom kuwa bai taɓa zuwa gaban hukumar ya amsa laifinsa ba, kuma babu kotun da ta hukunta kowa a kan kisan.